Tsibirin Aldabra: yaya gaɓarsa take, kuma me ya hana mutane mamaye shi?

Malamar Labarin Ƙasa ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandaren 'yan mata, kuma zangon nan mun iso darasin gaɓar teku. A ajin nan kaf babu yarinyar da ta taɓa tsayawa bakin teku. Littafin da muke aiki da shi da'ira kawai ya zana, ya rubuta a ƙasanta cewa wannan shi ne tsibirin murjani, ya wuce abinsa. Shi ya sa na buɗe taswirar tauraron ɗan'adam a waya ina neman na gaske da zan nuna musu, har na faɗa kan wani mai suna Aldabra a Tekun Indiya, mallakin ƙasar Seshel, ko da yake ya fi kusa da Madagaska da Tanzaniya nesa ba kusa ba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ruwan da ke tsakiyarsa. Tafki ne na ruwan daɗi ko tekun ne ya shigo? Kuma me ya sa launinsa ya yi fari-fari, wani wurin ma kamar babu ruwan? Sannan na karanta cewa akwai manyan kunkuraye wajen 100,000 a kansa, mutane kuwa 'yan tsiraru ne masu gadi da bincike. Da na faɗa wa yaran cewa doka ce ta hana shiga, sai wata mai kaifin baki a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, wurin da ba kowa, wa zai kama wanda ya shiga?" Aji ya kwashe da dariya, ni kuma na ce mata za mu dawo kai mako mai zuwa. To ga mako mai zuwan nan yana ƙaratowa. Wanda Allah ya sa ya san wurin ya taimaka mini, da Hausar da 'yar shekara goma sha biyar za ta gane.

Sarkin Shakka ya rubuta:

Malama, ki ba yarinyar nan maki goma daga aljihuna. Amsar ai a fili take: babu fetur, babu zinariya. Da an ji ƙanshin ɗaya daga ciki, da tuni kunkurayen suna gidan zu a Turai ana biyan kuɗi a gan su. Doka a tsakiyar teku takarda ce.

Bakabe ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri kan ɗawainiyar yaran nan. Ni ɗan gidan masunta ne daga ƙasar Kabi. Karatun kifi da teku ya kai ni Zanzibar, daga can kuma na samu shiga ayarin masu duba lafiyar murjani da suka je Aldabra, don haka na taka wurin da ƙafata. Sarkin Shakka ya taɓo gefen gaskiya amma bai shiga ciki ba. Mutane sun so wurin, sun ma gwada. Gaɓar ce ta ƙi ba su fuska.

Ki fara musu da siffarsa. Ki ɗauki gammo ki ajiye cikin faranti mai ruwa, ki datse shi wuri huɗu, kin samu Aldabra. Daga gabas zuwa yamma kilomita 34 ne, faɗinsa wajen 13. Wuraren da kika datse su ne mashigan ruwa, su suka raba shi manyan tsibirai huɗu. Grande Terre shi kaɗai ya kwashe kudu da gabas baki ɗaya. Malabar da ɗan ƙaramin Polymnie suna arewa, Picard kuma yana yamma, nan tashar masu bincike take. Ki sake duba taswirarki za ki ga mashigan duk ta arewa da yamma suke. Gaɓar kudu a rufe take ruf tun daga wannan ƙarshe har wancan, kuma ita ce ke karɓar dukan iskar kudu maso gabas da ke kaɗawa daga wajen Mayu zuwa Oktoba. A watannin nan mai hankali ba ya kusantar ta da ƙaramin jirgi.

Ruwan tsakiya teku ne, gishiri zalla. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 200, wato ya fi busasshiyar ƙasar da ta kewaye shi, wadda ba ta wuce 155 ba. Sai dai ba shi da zurfi. Sau biyu a yini teku kan ciko ya kuma janye, kuma a farkon wata da tsakiyarsa, lokacin da jan wata da na rana suka haɗu, tazarar cikowa da janyewa kan kai mita 2 zuwa 3. In ya janye sosai, fiye da rabin ƙasan tafkin kan fito fili, rairayi da taɓo. Fari-farin da kika gani a hoto ke nan. Yanzu ki tuna duk wannan ruwan ba shi da hanyar shiga da fita sai ta mashigan nan huɗu. Babbar cikinsu, Grande Passe, tsakanin Picard da Polymnie, in ruwa na fita ba a yi mata gardama. Na ga direban jirginmu, mutumin Seshel da ya tsufa a aikin, ya ba inji wuta har ƙarshe, muna kallon itace guda a gaɓa bai gusa daga gefenmu ba. Ya rage wuta ya juya, ya ce a jira. Aka jira.

A can ba agogo ke tsara aiki ba, takardar lokutan ruwa ce manne a bango. In za a je sansanonin gabas, irin su Cinq Cases, sai an daidaita tafiyar da kwanakin babban ruwa, in ba haka ba jirgi ya zauna kan rairayi a tsakiyar tafki, ku da shi ku kwana kuna jiran cikowa. Wani abin da ke rikita baƙo shi ne ruwan ciki yana makara. Saboda ƙuncin mashigai, sai teku a waje ya fara janyewa alhali can ƙuryar gabas ta tafkin cika take yi har yanzu, da tazarar sa'o'i. Wanda ya yi lissafi da ruwan waje kawai zai sha mamaki.

Sai dutsen, wanda shi ne ainihin amsar 'yar layin baya. Asalin irin waɗannan tsibirai dutse ne mai aman wuta da ya taso daga ƙasan teku. Ƙananan halittun murjani suka yi ta gini a kewayensa, domin ba sa rayuwa sai a ruwa mai ɗumi da hasken rana ke ratsawa. Dutsen ya yi ta nutsewa sannu a hankali, su kuma suna ta ɗora gini bisa na iyayensu don kada haske ya kuɓuce musu, har dutsen ya ɓace ya bar da'irar. Masanin kimiyya Charles Darwin ne ya kawo wannan bayanin a 1842, amma sai a 1952 aka tabbatar, da aka haƙa rami a tsibirin Enewetak na Tekun Fasifik aka ratsa murjani fiye da mita 1,200 kafin a taɓo dutsen aman wutan a ƙasa. Yawancin tsibiran murjani da ƙyar suke leƙo kan ruwa. Aldabra daban yake: tsohon ginin murjanin yana tsaye a fili, wajen mita 8 bisa teku. Tsayin teku kan hau ya sauka a tsawon zamani, kuma ya taɓa shanye tsibirin ɗungurungum, na ƙarshe wajen shekara 136,000 da suka wuce. Duk abin da ke tafiya a kansa yau bayan nan ya zo.

To murjanin da ya bushe dutsen farar ƙasa ne, ruwan sama kuma yana narkar da shi. Shekaru dubbai yana ci, bai ci daidai ba, sai ya bar ramuka da tsinaye masu kaifi da mutanen wurin ke kira champignon. Malama, wannan abin ba ya kwatantuwa a hoto. Ba inda za ki ajiye tafin ƙafa gaba ɗaya, kan tsini biyu ko uku ake takawa, a ƙarƙashi kuma rami ne da zai iya haɗiye ƙafa har gwiwa. Wani wurin in an taka sai ya yi ƙara ƙwal, alamar ƙasansa kogo ne. Takalmin aiki mai kauri da na je da shi sabo, kafin mu baro wurin ƙasansa ya zama zare-zare, kuma akwai wata rana da na ɗan dafa don kada in faɗi, tafin hannuna ya tsage wuri uku ban ma ji lokacin ba sai da na ga jini a kan littafin rubutu. A saman wannan dutsen kuma wani ƙurmin gajerun itatuwa ne masu taurin tsiya, sun sarƙe da juna, ba a ratsa su sai inda aka sare hanya da adda. Tafiyar da a fili ba ta wuce minti goma sha biyar ba, a can sai ta ci sa'a.

Ta bakin ruwa kuma teku yana cin gindin dutsen, ya rarake shi ta ƙasa ya bar saman ya zubo waje. Kana cikin jirgi gaɓa tana bisa kanka, ba matakala, ba abin kamawa sai kaifi. Cikin tafkin akwai ɗaruruwan ƙananan duwatsu da ruwa ya ci haka ta ko'ina, gindi siriri kai faffaɗa, tsuntsaye na sheƙa a kai. Inda ba dutse, itatuwan mangurof ne masu tsirowa cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje, ƙasansu taɓo. Ta wajen da'irar kuwa, ɗan fili ne marar zurfi, daga shi sai gangara ta faɗa zurfin da ƙugiyar jirgi ba ta samun abin kamawa. Babu tashar jirgin ruwa ko ɗaya. Babban jirgi can waje yake tsayawa daura da Picard, a sauke mutane da kaya a ƙanana, su ma sai ruwa ya ciko.

Na ƙarshe, kuma a ganina shi ya fi komai, ruwan sha. Ana samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, ba kaɗan ba ne, amma babu kogi ko ƙorama ko guda. Yana sauka yake zurarewa ta ramukan. In an haƙa, zartsi ake tararwa, kuma akwai kududdufai can cikin tsibiri da ke hawa suna sauka tare da teku, domin ta ƙarƙashi a haɗe suke da shi. A gabashin Grande Terre ne kawai dutsen ya kwanta sumul yana riƙe ruwan sama, shi ya sa kunkuraye suka fi yawa a can. Tashar Picard ma da ruwan rufin ɗaki da na'urar cire gishiri take rayuwa.

Yanzu ki haɗa da tsibiran Moris da Rodrigues, su ma a Tekun Indiya suke. Su ma suna da manyan kunkurayensu, amma suna da ruwan sha da wurin tsayawar jirgi. Matuƙa jiragen da suka gano kunkuru kan yi watanni a cikin jirgi ba ci ba sha bai mutu ba, suka mai da shi guzurin nama. Kafin tsakiyar ƙarni na 19 babu ko ɗaya da ya rage a can. Aldabra ma an kwasa, har a 1874 Darwin da wasu masana suka rubuta wa gwamnan Moris suna roƙon a sa hannu. An ba da hayar tsibirin ga 'yan kasuwa, an zaunar da leburori a Picard suna kama kunkurun teku da kifi. Amma mai ɗaukar kunkurun da ya fi shi nauyi a kan wancan dutsen ba zai yi nisa da gaɓa ba, na can ciki suka tsira. Doka daga baya ta zo: an hana kama kunkurun teku a 1968, an kafa gidauniyar SIF mai kula da wurin a 1979, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1982. Ki ce wa yarinyar, kafin a samu mai kamawa, wanda ya shiga ɗin sai ya fara samun inda zai sauka da abin da zai sha.

Bahaushen Bur Sudan ya rubuta:

Salamu alaikum. Malam Bakabe, Allah ya ƙara ilimi, na karanta har sau biyu. Ni a bakin Bahar Maliya aka haife ni, kakanninmu hanyar Makka ta kawo su nan suka zauna. Abin da ya ba ni mamaki a bayaninka shi ne ruwa ya janye mita 3 a yini guda. Mu nan Bur Sudan ba mu san wannan ba. Cikowa da janyewar kullum ɗan kaɗan ne, in ba ka sa ido kan dutse ba ba za ka lura ba. Bambancin da muke gani na shekara ne, da sanyi ruwa ya ɗan hau, da zafi ya sauka. Don haka Malama kada yara su ɗauka ko'ina teku haka yake yi.

Mu ma muna da namu, Sanganeb, wajen kilomita 25 daga gaɓa. Da'irar murjani ce ita ma, kuma UNESCO ta sa ta a jerin nan a 2016 tare da Dungonab da tsibirin Mukawwar da ke arewa da mu. Amma ita ba ta fito kan ruwa ba. Ba ƙasa, ba itace, abin da ke tsaye kawai doguwar hasumiyar fitila ce da Ingilishi suka gina don jirage, da gadar katako da ake takawa zuwa gare ta. In ka hau sama ka leƙo sai ka ga da'irar a ƙarƙashin ruwa, ciki kore-kore, waje shuɗi mai duhu, layin da ya raba su kamar an ja da hannu. Ina ganin in Malama ta ajiye hoton Sanganeb kusa da na Aldabra, yara za su gane abin da ake nufi da cewa ɗaya ya ɗago ɗaya bai ɗago ba.

Zancen ruwa na cin dutsen murjani kuma, wanda ya je Suwakin ya gani. Tsohon garin, inda alhazai ke tsallakawa zuwa Jidda, da wannan dutsen aka gina shi. Da aka bar gidajen ba gyara, damshi da gishiri suka ci su, yanzu yawancinsu tsibi ne. In ka ɗauki guntu a hannu za ka ga zanen halittar a jiki, ƙananan ramuka a jere.

Ɗan Damagaram ya rubuta:

Malam Bakabe, bayani ya yi, amma ban yarda gaɓa ce kaɗai ta tsare wurin ba, kuma akwai abin da ka tsallake. A 1965 Ingila ta yanke Aldabra daga Seshel, ta haɗa shi da Farquhar da Desroches da tsibiran Chagos ta yi sabon yankin mulkin mallaka, da nufin gina sansanin jiragen yaƙi ita da Amurka. Injiniyan soja bai damu da kaifin dutse ba, nakiya zai sa. Masana kimiyya na Ingila da Amurka suka yi ca a kai, aka yi ta muhawara har a majalisa, amma abin da ya kashe maganar a Nuwamban 1967 shi ne darajar fam ta faɗi, gwamnati ta rage kashe kuɗin soja. Talaucin Ingila ne ya ceci kunkurayen nan. Sai a 1976 tsibirin ya koma hannun Seshel da ta samu 'yanci.

Abin da ke ci mini rai kuma, a wannan yankin dai aka gina sansanin soja a Diego Garcia, ɗaya daga tsibiran Chagos, aka kwashe mutanen Chagos daga gidajensu tsakanin 1968 da 1973 aka zubar a Moris da Seshel. Kunkuru ya samu manyan masana suna rubuta wasiƙu dominsa, mutane ba su samu ba. Malama, in za ki koyar da wannan, ki koyar da shi duka.

Malamar Labarin Ƙasa ta rubuta:

Kai, Allah ya biya ku duka. Na kwafe komai a littafina, gammo ma na riga na aro wurin mai kawo mana ruwa. Ɗan Damagaram, zancen Chagos zan kai shi ajin manya, ya fi ƙarfin waɗannan. Malam Bakabe, saura tambaya ɗaya. Tunda sauka ke da wuya haka, ke nan wurin yana nan tsaf yadda Allah ya halicce shi, ba abin da ya taɓa shi?

Bakabe ya rubuta:

Ina fa, Malama. Amma bari in fara da ɗan'uwana na Damagaram. Tarihin da ka kawo haka yake, kuma zancen Chagos ban da abin cewa sai Allah ya isa. Inda muka rabu shi ne lissafin zamani. Shirin soja na shekara biyu ne ko uku. Ƙarnonin da jirage suka yi suna wucewa suna share kunkurayen sauran tsibirai fa, wa ya tsare Aldabra a lokacin? Ba fam ba ne. In kana son ganin abin da ke faruwa da tsibiri mai sauƙin sauka a wannan unguwar, ka dubi Assomption, kilomita 30 bai cika ba daga Aldabra. Yana da doguwar gaɓar rairayi mai laushi. Aka sauka, aka sare itatuwansa, aka kwashe kashin tsuntsayen da ya taru shekaru aru-aru ana sayarwa taki, har tsuntsayen suka watse. Filin jirgin sama da ake sauka in za a je Aldabra a can yake, kuma a 'yan shekarun nan rigimar gina otal ɗin masu kuɗi a kansa ake yi. Masu kula da Aldabra tsoronsu ɗaya ne, kada yawan zirga-zirga ya kawo wani ƙwaro ko iri da zai tsallako. Mu kanmu kafin a bar mu mu sauka sai da aka zazzage jakunkunanmu, aka bi ɗinkin aljihu da ƙasan takalmi ana neman ƙwayar ciyawa.

Dalilin tsoron a fili yake, don an riga an gani. Mutanen da suka zauna a da sun bar awaki da ɓeraye da kyanwoyi. Awakin sai a 2012 aka gama da na ƙarshensu. A nan mashigan ruwan suka yi wani amfani. Akwai wata tsuntsuwa mai farin maƙogwaro da ba ta tashi sama, ita kaɗai ta rage irinta a wannan ɓangaren na Tekun Indiya. A Grande Terre inda kyanwoyi suke babu ita. A Malabar da Polymnie, da ruwa mai gudu ya raba su da kyanwa, tana nan tana yawo, har takan zo ta tsattsagi igiyar takalmin mutum. A 1999 aka mai da ita Picard, ta kuma yaɗu.

Abin da gaɓar ba ta iya tarewa shi ne abin da ke zuwa da kansa a kan ruwa. Gaɓar kudun nan da na ce miki jirgi ba ya kusanta, akwai 'yan wuraren da dutsen ya buɗe ya bar rairayi, bayansu tuddan yashi da iska ta tara, su ne ma mafi tsayi a tsibirin. Nan kunkurun teku ke fitowa da dare ta haƙa rami ta zuba ƙwai. Nan kuma iskar kudu maso gabas ke tura duk abin da ke yawo a teku. Ranar da na fara leƙa ɗaya daga cikinsu, silifas na fara gani, ba guda ba, ba ɗari ba, kowanne ƙafa ɗaya, rana ta cinye launinsu. Ga robobin ruwa, ga leta, ga buroshin haƙori, ga igiyoyi masu kaurin hannu sun nutse rabi cikin yashi sun naɗe da dutse yadda sai an yanka. Wasu ramukan champignon ɗin cike suke da gutsattsarin roba har baki, ba hannun da zai shiga ya kwaso.

A 2019 ayarin matasan Seshel da ɗaliban jami'ar Oxford suka yi mako biyar suna kwasa. Sun tara tan 25, a ciki har da silifas wajen 60,000. Fitar da buhunan ma wani yaƙi ne, don sai an ɗauke su a ka zuwa inda ƙaramin jirgi zai iya matsowa tsakanin igiyar ruwa da igiyar ruwa, sojojin ruwan ƙasar na taimakawa. Da suka yi lissafin abin da ya rage, suka samu ya haura tan 500, kuma kwashe shi zai ci fiye da dala miliyan 4 da rabi. Gidauniyar da ke riƙe da wurin kuwa, babban abin da take dogaro da shi kuɗin tikitin masu yawon buɗe ido ne a dajin Vallée de Mai da ke tsibirin Praslin, fiye da kilomita 1,000 daga nan.

Masu bin sawun igiyar ruwa da kwamfuta sun nuna yawancin tarkacen cikin gari daga gabas yake tasowa, Indunusiya a gaba, sai Indiya da Siri Lanka, ya yi watanni a hanya. Amma in aka ɗora a sikeli, fiye da kashi 80 cikin 100 na nauyin kayan kamun kifi ne: raga, igiya, balbalan roba, da wasu dandamali masu shawagi da manyan jiragen kamun kifin tuna ke saki da gangan don kifi ya taru a ƙarƙashinsu. Kowane ɗaya yana ɗauke da na'urar da ke gaya wa mai shi inda yake. In ya yi nisa ya daina amfani sai a kashe na'urar a bar shi, ya je ya maƙale a murjani da ragarsa. A matsayina na ɗan masunta wannan ya fi ba ni haushi, don a gidanmu wanda ragarsa ta ɓata ta wani shi ke biya, ba a kai maganar gaban Sarkin Ruwa ma. Jiragen nan suna biyan Seshel kuɗin lasisi, suna sauke kifi a tashar Victoria, ba ɓoyayyu ba ne. Ni a ganina kuɗin kwasar daga lasisin ya kamata a cire shi, gwargwadon yawan dandamalin da kowane jirgi ya saki bai ɗauko ba.